Zafin Ma'ajiyar da Muryar Inna ke Ciki

Hunkuyi, Ƙaramar Hukumar Kudan.

Zuwa ga Yayana Zainulabidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zubaida da yara. Allah Ya ƙara maka juriyar zaman Malesiya, Ya sa a gama karatu lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat. Baba ya samu sauƙin ƙafarsa, har ya koma zuwa kasuwar hatsi. Naja'atu ta sauka lafiya, an samu mace, an mayar da sunan Inna. A takarda na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in tura maka, don na san idan na kira ka kuka zai hana ni kai maganar ƙarshe.

Yaya, maganar kwamfutarka ce ta wasa, wadda ka bar wa ƙanenka Huzaifa. Ka san saƙon da Inna ta ɗauka maka a bidiyo kafin rasuwarta, ranar da ta kore mu daga ɗaki ta ce wannan tsakaninta da kai ne, to yana cikin kwamfutar nan. Kai da kanka ka ce kada a tura maka, sai ka dawo ka ji shi a ɗakinta. Wayar da aka ɗauka da ita kuwa tuni ta faɗa rijiya. Saboda haka duk duniya babu inda maganar nan take sai cikin ɗan abin nan da ake kira SSD, ma'ajiyar kwamfutar, wanda bai fi tsawon yatsa ba. To, shi ne yake neman mutuwa, kuma wallahi tsoro nake ji.

Ga yadda aka yi. Ka san Gwaggo Azumi da son kyautata abu. Da ta ji muryar ƙanwarta Inna na cikin akwatin nan, sai ta ce bai kamata a bar shi tsirara kamar tukunyar gidan gwauro ba. Ta ɗauko bargon Inna mai kauri, ta ɗinka masa riga tsaf, har da igiyar zugewa, ba ta bar ko kafar allura ba sai inda wayoyi ke fita. Huzaifa ya san kafofin nan na shan iska ne, amma ka san shi, gemu ne kawai ya cika masa fuska, ko kallon idon Gwaggo ba ya iyawa. Maimakon ya yi magana, sai ya ci gaba da buga wasanninsa na ƙwallo da tseren mota, kwamfuta na cikin bargo, ɗaki kuma rufin kwano ne babu silin. Tun daga sanyi har muka shigo bazara haka ake yi.

Sai ta fara nauyi, wasa ya riƙa tsayawa, fankokinta na ihu kamar injin niƙa. Da Gwaggo ta taɓa ta ji zafi rau, sai ta ce ai maganin wannan sananne ne, ta jiƙa buhu ta lulluɓa a kan bargon yadda ake yi wa randa. Allah Ya sa na shigo kafin ruwa ya ratsa. Na yi faɗa a ranar, har na manta da wa nake magana, daga baya na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ita gata ta yi wa Inna. Na sani, shi ya sa ma abin ya fi yi mini ciwo.

Huzaifa ya ɗauko Muktar, mai gyaran kwamfuta a Maƙarfi. Ya buɗe wata manhaja mai nuna zafi, muka ga lamba ta haura tamanin, ta yi ja. Ya ce irin wannan ma'ajiyar idan tana hutawa tsakanin digiri talatin ne zuwa hamsin, idan ana wasa mai nauyi takan kai sittin da wani abu, amma da zarar ta wuce saba'in sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ya ce zafin rana ɗaya ba ya kisa, daɗewa a cikinsa ne ke cin ta a hankali. Ya cire bargon, ya share fankoki, ya manna mata ɗan ƙarfe mai janye zafi, yanzu da sassafe tana zama a arba'in da 'yan kai. Na yi hamdala, sai ya ce kada in yi saurin murna, ɓarnar da aka riga aka yi ba ta komawa.

Ya gwada kwafe saƙon zuwa filash, abin ya tafi har kusan rabi ya tsaya cik, kwamfutar ta daskare. Ya sake, a daidai wurin ta sake tsayawa, kuma da aka kunna sai da ta daɗe tana neman ma'ajiyar kamar babu ita a ciki. Na tambayi Muktar ko akwai mafita. Ya ce akwai masu na'urar ceto irin wannan a Kaduna, amma ba su ba da tabbas, kuma kowace kunnawa daga yanzu tana iya zama ta ƙarshe. Shawararsa ita ce kafin a kai ta ko'ina, a kunna bidiyon da sanyin safiya a ɗauka da waya, domin kwafi idan ya ci karo da wurin da ya lalace duka yake fasawa, kallo kuwa yakan ba ka abin da ya samu. Da babu gara ba daɗi.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan, Yaya. Huzaifa ya ce a jingina waya a gaban allo kowa ya fita, amana ta tsaya yadda Inna ta bar ta. Ni kuwa na daina yarda da na'ura. Waya ɗaya ta riga ta tafi, kwamfuta ga halin da take ciki. So nake maganar nan ta shiga kunnen mutum mai rai, wanda zai iya maimaita maka ita ko da komai ya lalace. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ina kewar muryarta. Amma ta ce naka ne, ban isa in buɗe ba sai da izininka. Na cire wayar wuta na ɓoye a akwatina, babu mai sake taɓa kwamfutar har sai ka amsa. Idan ka ce in fita, zan fita in tsaya a bakin ƙofa in toshe kunnuwana.

Baba yana sa maka albarka, bai san wannan maganar ba tukuna. Gwaggo Azumi tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata, tun ranar ko abinci ba ta ci sosai. Huzaifa da Naja'atu da Kawu Sama'ila na Janfalan duk suna miƙa gaisuwa. A gaishe mini da Anti Zubaida, a shafa kan Muhsin da Lubna.

Don Allah kada ka jinkirta amsa. Ina tsoron in ji abin da ba nawa ba, amma na fi tsoron ka dawo gida ka tambaye ni me Inna ta ce, in ce maka babu wanda ya sani.

Wassalam. Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Mukarrama