Usur ɗinki ya yi aiki yau

Auta,

Kada ki tsorata idan kin dawo ba ki same ni ba. Lafiyata ƙalau, na raka maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu ofishin 'yan sanda ne.

Bayan azahar wasu maza biyu suka zo mata da tsani, wai gyaran wuta, ta buɗe musu. Ina shanya na jiyo muryarta ta katanga: "Don Allah ku bar min keken ɗinkin, da shi nake ciyar da yara." Sai na tuna usur ɗin da kika raba wa matan layinmu, kika ce ko wanka za mu shiga ya kasance a wuya. Na busa har numfashina ya kusa ɗaukewa. Matar mai shago ta amsa da nata, gida gida aka ɗauka. Kafin ɓarayin su kai bakin titi, mai faci da masu wankin mota sun tare su. An riƙe ɗaya, ɗayan ya yar da keken ya arce. Ita Maman 'Yan Biyu hannu kawai ta gurje.

Tana kuka tana cewa in gode miki. Ni ma na gode, 'yata, Allah ya yi miki albarka.

Yaranta sun kusa tashi daga makaranta. Ki shigo da su gidanmu, ki zuba musu abinci. Kada ki faɗa musu komai, ta fi so su ji daga bakinta.

Ummanki