Kaset ɗin da ka ɓoye a Thamesmead

Zuwa ga mahaifina, Baba Yohanna,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yau wata huɗu ke nan da muka binne ka. Council masu gidan sun karɓi makullin flat ɗinka na Thamesmead a nan London, ni kaɗai na kwashe kayan.

Baba, ka tuna faifan nan da kake kunnawa duk ranar Asabar in ka dawo daga tuƙin bas? Na baƙin Ba'amurken nan mai piyano. Tarihinsa na haddace shi tun kafin in iya karatu. A coci ya fara, a kudancin ƙasarsu. Shi yake rubuta waƙarsa, shi yake rerawa, tun lokacin da R&B bai yi suna ba. Otal ɗin da zai yi wasa, ta ƙofar kicin yake shiga. Fararen fata suka ɗauki waƙoƙinsa suka sake rerawa, rediyo ta ɗauki nasu ta bar nasa. Ya mutu yana sharar wata makaranta.

Ina shekara sha tara wata mata ta ji muryata a ƙungiyar mawaƙan cocinmu na unguwar Barking, ta ce in zo studio a gwada ni. Da gudu na zo maka. Ko kallona ba ka yi ba, faifan ka nuna da baki. Ka ce, "Wanda ya fi ki murya, da tsintsiya ya ƙare." Na kira matar na yi cancel. Na karanta aikin jinya, ka yi ta nuna ni ga mutane.

A ƙasan akwatinka na sami kaset, an naɗe shi a cikin tsohuwar singileti. Da na kunna sai da na zauna a ƙasa. Muryarka ce, Baba, kana saurayi. Kiɗan irin na Ba'amurken ne, amma kalmomin Hausa ne, har da sunan Mama a ciki.

Na kai wa amininka, Kawu Bitrus. Ya daɗe yana share ido kafin ya faɗa mini. Ashe kun yi ƙungiyar kiɗa a Jos. Waƙa tara ka rubuta, shugabanku ya tafi da su Legas, faifai ya fito da sunansa shi kaɗai. Ka sayar da jitarka, ba ka ƙara waƙa ko a coci ba.

Shekara talatin da uku kana ba ni labarin wani baƙo, ka hana ni naka. Da ka ce mini "an cuce ni, ina tsoron a cuce ki", wallahi da na ji. Ƙila ma in haƙura da kaina. Amma ka bar ni ina zaton muryata ce ba ta kai ba.

Jiya na gwada bin ka a waƙa ta uku. Numfashina ya yanke a tsakiya. Muryar ta tafi, Baba, ban ma san yaushe ba.

Duk da haka kullum sai na kunna. Ban taɓa jin ka cikin farin ciki irin na cikin kaset ɗin nan ba, kuma na so a ce wannan mutumin ne ya rene ni.

Allah ya ba ka hutawa, ya saka maka abin da aka yi maka. Ni kuma ya ba ni zuciyar yafe maka, don har yanzu ban iya ba.

'Yarka,
Saratu