Ki Dawo Wurno, Angon Naki Ba Shi da Haƙori

Wurno, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga Turai, hasken ɗakina, inuwar tsamiyata, ruwan randa a tsakiyar bazara! Turai farin watan da ba ni gajiya da dubawa, zumar da tsufa bai rage ma zaƙi ba, kakar Attahiru ƙarami, matar Attahiru babba tun kafin a san za a yi ƙaramin. Assalamu alaikum, da gaisuwa mai yawa wadda ta fi gulbin Rima ranar da ya cika ya batse.

Ina gajiyar jego? Ya jikin ɗiyarmu, ɗinkin ya kame? Ya kuma wancan ɗan ƙwacen da kike goyo? Ki sumbaci tafin ƙafarshi, amma kar ki ce mashi daga wurina ne, don ni da shi akwai shari'a, za ki ji ta a gaba.

Turai, ni dai ban san mi ya same ni ba. Tun ranar suna ƙafata ba ta taka ƙasa yadda ta saba. Shekaranjiya ina cikin gero ina duba zangarniya sai na ji wani na rera waƙa. Na waiga gabas, na waiga yamma, ban ga kowa ba, ashe ni ne! Jakina ma tsayawa ya yi shina kallona. A kasuwa sai in gai da mutum, in zagaya ta rumfar masu tafarnuwa in sake dawowa in gaishe shi, don kawai in ƙara ba shi labarin jikana da anka haifa a Goronyo. Mutanen masallaci har sun gaji, da sun hango ni sai su ce ga kakan Goronyo nan tafe, kowa shi gyara zama. To su gaji mana! Wa Allah ya yi ma irin shekarar da ya yi mani?

Ki tuna bara war haka. Gulbi ya haura fadama, shinkafarmu tana gab da yanka ta nutse har kai, na tsaya bisa tudu ina kallon gumina na tafiya yamma. Na dawo gida na zama wani abu dabam. Ba ni gaisuwa, ba ni dariya, in kaza ta gitta gabana sai na yi mata faɗa. Kowa ya ja jiki ya bar ni, ke kaɗai kinka zo da kwanon fura kinka zauna bakin tabarmata. Har gobe ina jin muryarki: "Malam, ruwa ya ci shinkafa, kai kuma ka miƙa ma baƙin ciki kanka shi ci. To in ya cinye ka, wa zai yi mana dashen albasa?" Na ɗauki kwanon na sha furar.

Ke gawo ce, Turai. Itace duk na ganye da damina, lokacin da ganye ba shi da tsada. Gawo kuwa sai rani ya ƙone daji, kowa ya kaɗe, sannan shi yi kore shar, dabbobi su taru ƙarƙashinshi. Haka kinka yi mani bara, haka kike yi mani tun ina da baƙin gemu, ni ne dai ban taɓa buɗe baki na ce na gani ba. Yau na ce. Na gani, Turai, wallahi na gani!

Kuma ke ce kinka tura ni ajin yamma. Kinka ce tunda fadama na ƙarƙashin ruwa, hannuna ba aiki, in tafi firamare bayan la'asar in zauna da tsofaffi 'yan'uwana, kamar yadda ke kinka yi naki karatun a Islamiyyar matan aure. Na ce da wagga furfurar? Kinka ce furfura ba ta taɓa hana ni zuwa kasuwar Achida ba. Na tafi ina ƙunƙuni, na zauna bisa bencin da anka yi ma yara, gwiwoyina har haɓa. Malaminmu, Malam Siddiq, sa'an ɗan autanmu ne, amma Allah ya zuba mashi haƙuri. Alƙalami ya fi ƙarfin hannun da ya saba da kalmen noma, ya yi ta zille mani kamar tarwaɗa, har dai ya gaji ya miƙa wuya.

Kin tuna yammacin da na fara karanta maki? Ruwa ya riga ya janye ya bar mana laka mai kyau, albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannu, mun cika rudun da muke ajiyarta har mun rasa wurin zuba saura. Kina zaune tsakar gida kina ware masu rauni daga masu lafiya, rana ta yi ja bisa katanga, ni kuma na buɗe littafi bisa cinya ina bin layi da yatsa. Na karanta layi guda tun daga farko har ƙarshe ban tsaya ba. Na ɗaga kai, sai na ga kin saki albasar hannunki, kin rufe baki da gefen zane, kinka yi guɗa 'yar ƙarama can cikin maƙoshi don kar maƙwabta su ji su ce tsohuwa ta zautu. Turai! An yi mani guɗa ranar aurenmu, mata cike da gida, amma waccan ba ta kai wagga ba. Na kwana ina jin ta cikin ƙirjina kamar kukan kurciya da hantsi.

Sai kuma babbar kyauta. Ke kin san shekarun da ɗiyarmu ta fari ta yi a ɗakin Sa'adu ba ko ɓatan wata, kin san maganganun da anka yi, kin san addu'ar da munka yi ta yi kowa a ɓoye, don kunyar ɗan fari ba ta bari ko junanmu mu tambaya. Ga shi Allah ya amsa a shekarar da na ɗauka ta zo da hasara kaɗai. Haihuwar ta zo da wuya har sai da anka yi tiyata, likita ya hana a ɗauko ta zuwa gida wanka kamar yadda anka saba, mahaifiyar Sa'adu kuma Allah ya yi mata rasuwa, shi ya sa kinka ɗauki ƙullin kayanki kinka tafi Goronyo. Ranar suna ina zaune cikin mutane, ban san komi ba, sai na ji liman ya ce Attahiru. Na ɗauka ni ake kira, har na fara amsawa! Da na gane, ido ya cika, na ce ma na kusa da ni hayaƙin ragon suna ne. Ragon kuwa ko yanka shi ba a yi ba.

Alhamdu lillahi. Shekarar da ta shigo da ruwa bisa shinkafata ta fita ta bar mani karatu a baki, albasa a rudu, da takwara a zanen goyo. Mi zan ce ma Ubangiji? Mi zan ce maki ke da ya bi ta hannunki ya ɗaga ni?

To amma ga inda bakina ya kashe ni. Da yamma ranar sunan, Alhaji Abdulƙadiri mahaifin Sa'adu ya raka ni bakin zaure, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Attahiru, alfarma guda, a bar mana Hajiya ko bayan arba'in, har yaron shi fara rarrafe." Ni kuma mutumin da anka yi ma takwara a ranar, kaina ya kumbura, kara ta kama ni, sai na ji bakina ya ce, "Haba Alhaji, rarrafe kawai? Har shi yi tafiya ma. Ai taku ce." Kin san irin wagga magana, Turai. Ana faɗinta ne don wancan shi ce a'a, ba za a yi haka ba, da an yi arba'in za mu maido ta da goma ta arziki. Shi kuwa Alhaji, Allah shi saka mashi, sai ya ce madalla, ya gode, ya shafa fatiha! Na tsaya da baki buɗe kamar wanda kwale-kwale ya tashi ya bari a gaɓa.

Kuma na san kin ji. Na ga ƙafarki ƙarƙashin labulen soro. Da kinka fito sallama ba ki dube ni ba, cewa kawai kinka yi, "Allah shi kiyaye hanya, Malam." Tun daga Goronyo har Wurno wagga kalmar na bisa ƙirjina kamar buhun taki. Kin ɗauka da gaske nike? Kin ɗauka mutumin da ba shi iya gano inda hularshi take sai ya tambaye ki zai ba da ke kyauta har yaro shi yi tafiya? Yaro fa sai ya shekara kafin shi taka! In kuma ya gado ni, an ce ni na daɗe ina jan gindi.

Arba'in ta wuce, ba ki dawo ba. Maimakon ke sai saƙo ya zo ta bakin Sa'adu, shina sunkuyar da kai shina dariya, wai in ji ki a faɗa ma tsoho kin yi sabon ango, sunansu guda, kuma ya fi shi haƙuri. Ango! Wane irin ango ne ba haƙori ko ɗaya? Ni ko ba komi ina da na tauna goro. Ya taɓa kawo maki cefane? Ya taɓa sawo maki turmin atamfa da Sallah? Aikinshi kenan shi sha, shi yi barci, shi jiƙa maki zane, amma shi ne mai haƙuri! Ya karɓe mani suna na yi murna, yanzu kuma shina son shi haɗa da mata? Ki ce mashi kakanshi ya ce a yi raba daidai: shi riƙe sunan, shi maido mani tsohuwata.

Na yi dariyar saƙon, Turai, amma da na shiga gida dariyar ta ƙare a bakin ƙofa. Tuwo ba shi yankewa, matar ɗanmu na kawowa kuma ta iya miya, Allah shi yi mata albarka. Sai dai gidan ya yi mani faɗi. Kujerarki na nan gindin turmi ba mai zama. Tunkiyarki in ta ji motsi sai ta ɗaga kai, ta ga ni ne, ta koma ma harawarta. In na dawo daga aji da sabon shafi a baki, wa zan karanta mawa? Na gwada karanta ma tunkiyar, ba ta guɗa. Ke ce ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, ke ce shamuwar da in ta sauka bisa kuka manomi ke fiddo iri. Ya za a yi kaka ta zo, gero shi shigo gida, a dama furar sabon gero ba da hannunki ba?

Na so in faɗa maki a waya, amma wayar a hannun ɗiyarmu take, ta ƙure murya kowa na ji, sai in ɓuge da tambayar ya ruwa ya hanya. Shi ya sa na zauna na rubuta, ke ki karanta da idonki. A aji Malam Siddiq kan ce mana, wanda bai ɗaga hannu ba, ba wanda zai san shina da tambaya. Na yi shekaru ina zaune kusa da ke hannuna a ƙasa, ina ganin namiji ba shi faɗin irin wanga abu. Bana na koyi cewa ban sani ba a gaban yaro, na koyi cewa a maimaita mani, ban mutu ba. To ga hannuna sama, Turai, kowa shi gani: ina son ki. Ina son ki fiye da ranar da anka kawo ki daga Kwargaba kina kuka cikin mayafi. Ina son ki dawo.

Kar ki ce zan bar ɗiyarmu ba mataimaki. Na tafi Rabah da ƙafata wurin ƙanwarki Zubaida, na faɗa mata komi, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce za ta zo ta karɓe ki ta zauna har mai jego ta yi ƙarfi sosai. Mu kuma duk ranar kasuwa sai mu zo tare mu ga angon naki, in ɗauke shi in yi mashi kashedi. In kuwa kin duba kin ga jikin yarinyar bai yarda ki taso yanzu ba, ke kin fi ni sani, ki zauna, ba ni jin haushi. Amma ki zauna kina sane da cewa a Wurno akwai tsohon da ke duban hanya.

Ranar kasuwar Goronyo mai zuwa, in Allah ya kai mu, ina tafe tare da Zubaida. Zan sa farar rigata ta Juma'a, in sauka zauren Alhaji Abdulƙadiri, in gaishe shi, in dubi idonshi in ce na zo karɓar maganata, kara ce na yi kuma ta fi ƙarfina. Na san za a yi mani dariya daga Goronyo har Giyawa, a ce tsoho ya zo biko ba a yi yaji ba. Su yi! In kin ji muryata a zaure kar ki yi saurin fitowa, bar ni in sha kunyata ni kaɗai, ni na dama ta. Ke dai ki ɗaure kayanki tun da safe.

Naki tun ƙuruciya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauki ɗayanmu, kuma ina roƙon Allah shi sake ba ni ke a can,

Attahiru babba.