Hotunan Malta a Gidan Anti Rabi

Lahadi da dare, Greensboro

Da na sani ban nuna wa Anti Rabi hotunan Malta ba. Na tuƙa mota har Pleasant Garden don in kai mata tsarabar zuma, ina ta zuba labarin tsohuwar ganuwa da gasasshen kifin bakin teku. Sai ta ture wayar ta ce, "Shekara uku ba ki je Zariya kin ga mahaifiyarki ba, sai kangon Turawa?"

Ta fa san hutun kwana biyar kacal aka ba ni a asibiti! Abin haushi, maganar ta tsaya min a rai. Ina shiga mota na kira Mama zan ba ta haƙuri. Ta ce, "Rabu da Rabi. Turo min tekun nan in gani, ban taɓa ganinsa ba."