Hotona Ya Zauna a Bango, Ni Ina Kwantiragi

Zuwa ga Shugaban Kwalejinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Malam Lamidi mai koyar da lissafi, wanda hotonsa ke rataye a ofishinka. Tun ranar bitar haɗin kan ƙabilu nake dariya, har matata ta zaci ƙarin girma na samu. Bari in ba ka labari.

Na ɗaya. A unguwar Nasarawa, nan cikin Birnin Kebbi, aka haife ni. Mahaifina tela ne Bayarabe, ya rasu ina goye. Mahaifiyata Bakaba ce, a Argungu na girma ina korar tsuntsaye a fadamar shinkafa. Da aka ƙirƙiro jiharmu aka tantance ma'aikata, sai aka ce sunana ba na nan ba ne, aka mai da ni kwantiragi.

Na biyu. Ranar bita kwamiti ya nemi Bayarabe ido rufe, sai aka tuna da ni. Aka aro mini agbada, babbar rigar Yarbawa, da hula wurin mai hoto. Gaisuwar Yarbanci kuwa wurin mai burodi na koya, na rubuta a tafin hannu. Ina hawa dandamali gumi ya wanke ta tas! Sai kawai na zuba gaisuwa da Kabancin kakata. Ɗaki ya kaure da tafi. Baƙon da aka ɗauko ya koya mana zaman tare ya rungume ni, wai na iya harshen masu masaukina. Masaukina! Na yi dariya har hular aro ta faɗi, nan mai hoto ya ɗauke ni.

Na uku. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen watan nan. Takardar neman aikin dindindin da na rubuto tana cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin hoton, ba wanda ya taɓa ta. 'Ya'yana huɗu, ba su san wani gari ba sai wannan. A nan dariyar ke maƙale mini, gaskiya tsoro nake ji.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe: ka buɗe kabad ɗin nan ka sa hannu. In kuwa ba hali, a sauke hoton a ba ni in tafi da abina, kada ya ci gaba da yi wa baƙi dariya bayan an sallami mai shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Malam Lamidi,
Nasarawa, Birnin Kebbi.