Ƙusar Bakin Ƙofa

Maamobi, Accra

Zuwa ga maigidana, Baban Naziru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin teku? Allah ya sa tukunyarka ba ta kife a jirgin ba, kuma masuntan suna yaba girkin naka kamar yadda kake cika baki. Abdulai abokin aikinka ya ce zai bi ƙaramin jirgin da ke kai muku kaya daga Tema, shi ya sa na zauna rubutu, tunda wayarka ba ta shiga sai kun matso gaɓa.

Ka ga sabon sunan da na kira ka da shi. An yi suna lafiya, Naziru yana shan nono kamar za a ƙwace masa. Hancinka ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri.

Akwai maganar Mma, gara ka ji daga gare ni kafin 'yan gidan hayar nan su ƙara mata gishiri. Ranar da muka dawo daga asibiti mahaifiyarka ta ɗora ruwan zafi, ta fito da baho da man kaɗe, wai za ta yi wa jikanta wanka. Na hana. Na san duk jaririn da aka haifa a layinmu ita ke masa wankan farko. Amma ita ake kira kuma idan mace ta rasu, ita ke wanke gawar, sannan ta wuni cikin ƙasar doya a kasuwar Agbogbloshie, ga kwata a bayan rumfarta. Da hannun nan dai take yin duka. Ɗanmu na fari, wanda bai kai ranar suna ba, ita ta gasa masa cibiya, kuma da kunnena na ji nas ta ce ta cibiya ƙwayar cuta ta shiga. Kai ka ce kwana ne ya ƙare, ka koma jirgi. Ni aka bari da nono yana zuba babu mai sha. Tsoro nake ji, Baban Naziru, ko tari ya yi sai in zabura in duba shi.

Don haka na kafa ƙusa a bakin ƙofarmu, na rataye wata farar doguwar riga. In ta dawo daga kasuwa sai ta tuɓe kayan waje, ta wanke hannu da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da nake haɗa mata, ta sa rigar, sannan ta shigo ta gan shi. Gani dai tukuna, ɗauka sai gaba. Ta roƙi in bar ta ta riƙa sauyawa a ɗakinta, na ce a'a, ɗakin ma buhunan kasuwa ne jibge a ciki. A baranda take yi, inda idona ke gani. Har zani na shanya mata a igiya don kada yaran gidan su leƙa. Ni ban ga abin zubar da hawaye a nan ba.

Ka kula da kanka, ka riƙa rufe ƙirji. Ina kewarka ƙwarai.

Taka,
Shamima

*

Maamobi, Accra

Baban Naziru,

Sallama da gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya ciwon bayan da ka ambata? Mu muna nan lafiya, yaronka ya yi kumatu har wuyansa ya ɓata.

Saƙonka ya iso, na karanta. Wai in bi Mma a hankali, tsohuwa ce. To ai a hankali nake bin ta. Da ka san abin da nake haɗiyewa a layin nan da ni ka tausaya wa. Uwar Alima maƙwabciyarmu ta rasu, aka aiko Mma ta je wanka, ta ce ta daina. Ba ni na sa ta ba, cewa kawai na yi duk ranar da ta taɓa gawa kada ta tunkari ƙofata. Yanzu matan layi in na gaishe su sai su duba gefe. Su duba, ba su suka binne ɗa ba.

Kasuwar ma ta bari. Ta damƙa wa Zalia 'yar ƙanwarta rumfar, rumfar da kake cewa da ita ta ciyar da ku. Ta zo ta same ni da murnarta, wai yanzu babu kasuwa babu gawa, sai in miƙo mata Naziru. Na ce ta bari a yi arba'in. Da aka yi arba'in na duba na ga har yanzu fatarsa ba ta yi ƙwari ba, na ce ta bari a yi masa allurar rigakafin da ake yi bayan wata uku. Na yi mata alkawari, daga ranar ta ɗauke shi. Rigar ƙusa kuwa tana nan tana sawa, don masallaci ma waje ne.

Na ajiye mata kujera 'yar tsugunno daga cikin ƙofa. Nan take wuni tana yi masa waƙoƙin da ta ce ta yi maka. Abin haushi, da ya ji muryarta sai ya juya kai yana nemanta, ko nono yake sha sai ya saki.

Ran Talata na zaga banɗaki, na dawo na tarar da ita sunkuye a kan gadonsa. Ta cire ɗankwalinta ta naɗe hannayenta biyu da shi ta baya, tana ta yi masa wasa da baki, shi kuma yana wuntsila ƙafa. Da ta gan ni sai ta juyo mini baya don in ga ɗaurin, wai ba ta taɓa shi ba. To numfashinta fa? Raina ya ɓaci, na faɗa mata abin da ya zo bakina, na fitar da kujerar waje. Yanzu ta bayan ƙofar raga take ganinsa, kuma ana gani sarai.

Ka daina sauraron masu kai maka gulma. Ina yi maka addu'a kullum.

Matarka,
Shamima

*

Maamobi, Accra

Maigidana Baban Naziru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Abdulai ya ce jirginku zai shigo kafin azumi, tun da na ji nake murna.

An yi wa Naziru allurar, ya yi kuka kaɗan ya yi shiru, jarumi kamar ba ɗanka ba. Da muka dawo na tarar Mma ta riga ta yi wanka, ta sa farar rigar, har ta kira su Zalia da wasu tsofaffi biyu su zo su ga ta ɗauki jikanta. Ni ma da niyyar cika alkawari na fito da shi. Ta miƙo hannu, sai na gani.

Ashe tun da na yi mata alkawarin take ɗibar maganin nan zallarsa, ba ta sirka shi da ruwa, tana jiƙa hannu a ciki safe da yamma, wai don ya fi fita. Duk fatar ta tsattsage, tsakanin yatsu ya yi ja yana tsatsar ruwa, wani wurin har jini. Shi ya sa kwanan nan take ɓoye su cikin mayafi. Na ja da baya da yarona. Na ce mata, a gaban kowa, ciwo a buɗe ya fi ƙasar kasuwa haɗari, gara ma hannunta na da. Ta tsaya da hannu a miƙe, Naziru yana ta zillo zai je wurinta. Zalia ta zage ni ta uwa ta uba. Mma ta tuɓe rigar ta mayar a ƙusa, ta shiga ɗakinta.

Bayan kwana biyu ta ce za ta koma Salaga wurin yayanta. Ban kore ta ba, Allah shaida. Na ma saya mata man shafawa.

Abu ɗaya ta roƙa. Wai in ba ta rigar da Naziru ya kwana da ita, kada in wanke. Ka ji fa. Me mutum zai yi da rigar jariri mai gumi? Ban ce Mma za ta cuce shi ba, amma ba ka san hannun da kaya za su faɗa ba a can. Ban da haka, so kake a buɗe a Salaga a ce matarka ƙazama ce? Na jiƙa rigar a magani, na wanke ta tas, na goge, na sa a sabuwar leda.

Da safe Zalia ta tsayar da tasi a bakin layi, na kai mata. Ta karɓa da yatsunta naɗe da tsumma, ta buɗe ledar ta kai hanci. Ta juya wuyan rigar ta shinshina, ta juya hammata ta sake shinshinawa. Ta daɗe tana yi har direba ya fara hon. Sannan ta ninke ta miƙo mini, ta ce ba ya ciki. Ta shiga mota, ba ta waiwayo ba. Ko a gaishe ka ba ta ce ba.

Rigar na sake jiƙa ta, tunda ta cusa fuska a ciki.

Yanzu gida ya yi tsaf, hankalina ya kwanta. Naziru ne dai yake ta rigima kwanan nan, yana juya kai wajen ƙofa, ya ƙi nono sai da lallashi. Ina jin haƙori ne.

In za ka taho ka riƙo mini maganin nan babbar jarka, nawa ya kusa ƙarewa. Kuma kada ka ce ban faɗa maka ba, kayan jirgi da ƙarnin kifi ba za su shigar mini ɗaki ba. Ƙusar tana nan ban cire ba, na bar maka ita. Ɗaukar Naziru kuma sai na ga hannunka.

Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Taka har kullum,
Shamima