Kujerar Injin Baba

Iowa, watan Mayu

Zuwa ga Yayana Wendell,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Ardith da jikoki. Ya ƙafar taka, ya zafin Texas? Mu nan lafiya lau, mijina Duane yana gaishe ka. Na rubuto ne don kunnenka ba ya ɗaukar waya, ni kuma na gaji da ihu.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta taso, Baba ya fito da injinsa na yankan ciyawa daga gareji, wannan jan da ake hawa. Ka san shi da shi. Ya wasa wuƙaƙe, ya juye baƙin mai, ya goge shi tas da tsohuwar rigar Mama. To bana injin ya ƙi shi. Zai tashi lafiya, ya fara tafiya, da taya ta faɗa ɗan rami sai ya mutu. Filin gaban gida yanzu kamar kan da mai aski ya bari ya gudu. Ranar Lahadi a ƙofar coci maƙwabciyarsa Vera ta ce masa, "Orville, ko mu aro maka akuya ne?" Kowa ya yi dariya, har ni.

Ka tuna abin da ya faɗa mana ranar da ya kai Mama gidan tsofaffi, tana riƙe da ƙofar kicin tana roƙonsa ya bar ta ta mutu a ɗakinta? Ya ce abin da ya daina aiki ba a ajiye shi a gida. Sannan ya buga ƙirji ya ce ranar da shi ma ya kasa yanke ciyawar gidansa da kansa, mu kai shi can, ba zai buɗe baki ba. Kai ka koma Texas ka manta. Ni ban manta ba.

Duane ya duba injin a ɓoye, ya gano matsalar. Akwai wani makunni a ƙarƙashin kujera, an sa shi ne don in mutum ya faɗo injin ya mutu kada ya yanke shi. Sai ya ji nauyi yake barin injin ya yi aiki. Baba kuwa tun ciwon da ya yi da sanyi ya zube, wando sai ya riƙe da hannu. Injin gani yake babu kowa a kansa. Duane ya ce kafin ruwan kofi ya tafasa zai gyara. Na ce masa in ya taɓa, ya nemi mai dafa masa abinci.

Ka kula da kanka, ka riƙa shan maganinka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Lorna

Watan Yuli

Yayana na kaina,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Ardith. Da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Wasiƙarka ta iso, na karanta inda ka ce abin ya yi yawa, tsoho ne. Yaya, tsufa ba ya wanke mutum. Ni ce nake zuwa wurin Mama a wancan gidan har ta rasu, ni ce take tambaya ko Orville zai zo, in ce mata yana yankan ciyawa. Kuma ba ƙarya nake ba, yankan yake. Don haka ka ajiye wa'azinka.

Yanzu injin ko motsi ba ya yi. Yana tashi, Baba na ɗage ƙafa daga birki sai ya yi shiru. Ya canja fulogi, ya canja filta, ya sayi sabon batir. Ya kwance kafireta a kan teburin cin abinci, teburin da Mama ba ta isa ta ajiye kwandon ɗinkinta ba. Ya ce dole wayar wuta ce ta ƙone. Masu shago suka ce an daina yin irin wannan injin, sai dai ya nema wurin 'yan gwangwan. Ni na kai shi da motata, har gundumar gaba. Da ka gan shi cikin rana yana bin matattun injina ɗaya bayan ɗaya da sifana a hannu, yana durƙusawa ya kasa tashi sai ya dafa taya. Ni ina cikin mota da sanyin na'ura ina cin masara.

Abin da zai ba ka dariya, har makunnin ya duba. Ya ɗaga kujera, ya danna shi da tafin hannu, ya ji ya yi ƙas, ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau." Ko kusa bai kawo a ransa cewa shi ne ba ya kai nauyi ba. A ganinsa har yau shi ne ƙaton da ke saɓa buhun masara a kowace kafaɗa.

Vera ta kawo masa kek na tuffa da gasasshen nama, wai ya mayar da jiki. Na karɓa a ƙofa na ce likita ya hana maiƙo. Ni da Duane muka ci, ta iya girki.

Ciyawa ta kai gwiwa. Mutumin hukumar gari ya zo ya yi masa kashedi a gaban maƙwabta. Duane ya ce bari ya kawo namu injin ya yanke, Baba ya kore shi, ya ce shi cewa ya yi zai yanke da kansa. Ban taɓa jin daɗin taurin kansa ba sai bana.

Taka har kullum,
Lorna

Watan Agusta

Yaya Wendell,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wannan gajeruwa ce.

Jiya na same shi a gareji zaune a kan bokiti, hannu duk baƙin mai. Ya daɗe yana kallon kujerar, sannan ya kalle ni daga sama har ƙasa. Ka san ni ba ƙaramar mace ba ce. Ya ce, "Lorna, 'yata, hau ki gwada min." Rabon da ya ce min 'yata tun ina makaranta.

Na san ya fara ganewa. Na hau, na taka birki, na murɗa makulli, injin ya tashi. Sai na dafe sitiyari, na ɗora nauyina duka a kan ƙafafuna, na ɗaga jikina kaɗan yadda siket zai rufe. Na saki birki. Ya mutu. Ya ce in sake, na sake. Cinyoyina har rawa suke. Na ce, "Ka gani, Baba, ni ma ya ƙi. Ya gama yayinsa." Ya sunkuyar da kai yana goge sifana. Can ya ce in kira gidan tsofaffin, in tambaya ko akwai ɗaki.

Akwai. Na zaɓar masa wanda tagarsa ke kallon fili, inda ma'aikacinsu ke yankan ciyawa kowane mako.

Ƙanwarka,
Lorna

Watan Satumba

Yayana abin ƙaunata,

Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Na gode da hotunan jikoki, sun girma.

An kai shi ranar Asabar da safe. Ya cika alkawari, bai riƙe ƙofa ba, bai roƙi kowa ba. Ya sa rigar coci, ya ratsa ciyawar da ƙaramar jakarsa, tana shafar masa cinya. Vera tana tsaye a barandarta tana share hawaye, ita da ta fara yi masa ba'a. Duane ne zai tuƙa shi, ni na ce zan tsaya in rufe gida.

Da ya shiga mota sai ya sauke gilashi, ya miƙo min makullin injin. Ya ce, "In za ki hau, ki zauna sosai, ki saki jikinki duka. Ba irin zaman rannan ba." Bai ɗaga murya ba. Irin kallon da ya yi min, shi Mama ta yi masa a ƙofar kicin, na gane shi sarai.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, na ji kunya ta rufe ni. Amma ba ta daɗe ba. Na tuna shi ma ya ga kallon nata, bai fasa ba. Na karɓi makullin, na wuce gareji, na zauna sosai kamar yadda ya ce. Bugu ɗaya ya tashi. Na saki birki, na kunna wuƙaƙe, na fito fili tun motar ba ta kai ƙarshen layi ba. Duane ya ce Baba ya ji, ya sa hannu ya ɗaga gilashin da kansa.

Na yanke gaba da baya, layi miƙe yadda yake so. Injin bai mutu ko sau ɗaya ba, ya sha gyara.

In ka zo bikin godiya na watan Nuwamba za ka same shi a ɗaki na ƙarshe, gefen taga. Kada ka tambaye shi ciyawa. Ka gaida Ardith, Allah ya ƙara lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Lorna